Zauren Kawu: An buɗe mana gidan gala a tsakiyar gari, matasa sun ce sai sun ƙone shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Ni tela ne a nan cikin garin Daura, shagona na bakin titi kusa da kasuwa, kuma ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Kawu wlh abu ne ya ishe mu. Wani gida ne da a da ake aje kaya cikinshi, wani baƙo ya kama haya yace gidan abinci zai buɗe da wurin kallon ƙwallo, to ƙwallon dai ana kalla amma daga an yi isha'i sai wurin ya koma gidan gala, a saki kiɗa a kawo ƴan mata suna rawa maza na liƙi ana busa shisha har ukun dare, ga islamiyya a bayan layin ga masallacinmu ko taku ɗari babu tsakani. Ƙanena ɗan sakandare ne, an fara ganinshi a bakin ƙofar wurin. Mun ma mai wurin magana yace yana da takarda kuma ya san manya. Yanzu matasa sun ce ran Juma'a in an sakko masallaci za su je su farfasa wurin su cinna mashi wuta, ni hankalina bai kwanta ba amma in na hana sai ace an saye ni. Don Allah meye mafita?

Wani tela, Daura

AMSA

Wa'alaikumussalam ɗana, Allah yai maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Damuwarku gaskiya ce, babu uban da zai so ɗanshi ya taso daga islamiyya ya bi ta gaban gidan gala. Amma maganar wuta ka tare ta tun yau, kar ka jira Juma'a, ko za su ce an saye ka su ce. Ka fi ni sanin yadda shagunan tsakiyar gari suke manne da juna, ga masu katifa ga masu sai da fetur a galan ga naka shagon cike da shaddodi da atamfofin mutane, wutar da aka cinna a nan ba wanda zai ce mata tsaya iya nan. In kuma akwai wadda ke barci a ɗakin baya aka ƙone ta to magana ta koma kisan kai, kuma ƴan sanda in sun zo sunanka za su fara nema tunda kai ke riƙe da littafin ƙungiya. Shi kuma mai wurin daga mai laifi ya koma wanda aka zalunta, har ya nemi diyya a kanku. Ko ta fuskar addini malamai sun yi bayanin cewa gusar da munkari da hannu aikin masu iko ne, kuma ba a gusar da ɓarna da abin da zai haifar da wadda ta fi ta. Ka je wurin limaminku yau ɗin nan ka faɗa mashi abin da ake shiryawa, in ya ja kunne a masallaci sai ya fi maganarka shiga.

Sai batun "ina da takarda". Wace takardar? Yawanci in ka bincika rajistar sunan kasuwanci ce ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ita kuwa suna kawai take ba mutum, ba ta ba shi izinin yin abin da ya ga dama a inda ya ga dama ba. Tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya ba ikon sa ido kan shaguna da gidajen abinci da lasisin sai da giya, don haka in izinin gidan abinci ya karɓa ya ɓige da gala to ya saɓa ma takardar tashi da kanshi. Sannan fili kanshi yana da abin da aka bada shi dominshi, na zama ne ko na kasuwanci, kuma canza shi sai da amincewar hukumar tsara birane ta jiha. Ga shi kuma jiharmu tana kan shari'ar Musulunci tun 2000 zamanin marigayi Umaru Musa Ƴar'adua, gwamnatin Dikko Radda kuma ta kafa hukumar Hisbah ta jiha wadda irin wannan ƙorafin yana cikin aikinta.

Abin da ke kashe irin wannan koke shi ne yadda ake rubuta shi. Sai a cika takarda da "ana aikata alfasha da baɗala a unguwarmu" shikenan, jami'in da ya karanta ba abin da zai kama. Ku samu littafi, kullum wani maƙwabci ya rubuta rana da ƙarfe nawa aka fara kiɗa ƙarfe nawa aka tashi, an yi faɗa ko ba a yi ba, an ga yara ƙanana sun shiga ko a'a, a auna tazarar wurin da islamiyya da masallaci a rubuta. Abin da ba ku gani da ido ba kar ku sa, ƙazafi ba wasa ba ne. Sa hannu kuma kar ya zama na matasa zalla, a samu liman da malamin islamiyya da dattawan layi da ƴan kasuwar da ke maƙwabtaka da wurin, da mata ma, don su ke kwana da jarirai cikin wannan kiɗan. Ku bi ta hannun mai unguwa ya kai ma hakimi har ta isa fadar mai martaba, ku kai kwafi ma shugaban ƙaramar hukuma da DPO da ofishin Hisbah, ko'ina a buga maku hatimi a kan taku kwafin. Wanda yace ya san manya, takarda mai hatimi a ofis huɗu ita ke sa manyan su daina ɗaga wayarshi.

Amma ni inda na fi sa rai shi ne mai gidan. Baƙon nan haya yake, mai gidan kuwa da wuya in ba ɗan gari ba ne, ƙila ma sahu ɗaya kuke tsayawa. Ku tura mashi dattawan da yake jin nauyinsu su same shi a gida cikin mutunci ba a bainar jama'a ba, su nuna mashi ɗan hayarshi gidan abinci yace zai yi, ya ba shi notis bisa ƙa'ida. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa ba tare da an je kotu ba.

Ko Amurka da dokarsu ba ta bari a rufe irin waɗannan wuraren kai tsaye, da tazara mutanen gari ke yaƙarsu. Wani gari mai suna Renton a jihar Washinton ya yi dokar cewa gidan nuna finafinan batsa sai ya yi nisan ƙafa 1,000 daga gidajen zama da coci da makaranta da wurin shaƙatawa na jama'a, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar da dokar a 1986. Ku da kuke da shari'a da sarauta a bayanku ai kun fi su hanya.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah, ƴan matan nan kar a taɓa su, kar a ɗauke su bidiyo a watsa a Facebook ko TikTok da sunan tona asiri. Ni na sha zama da irinsu, wata ƙaramar bazawara ce da aka sako da goyo babu mai ci da ita, wata auren dole ta gudo ma, wata ƴan bindiga suka tada ƙauyensu, a ƙarshen dare kuma kuɗin liƙin mafi yawa aljihun mai wuri yake shiga. In akwai waɗanda ba su kai shekara 18 ba wannan babban laifi ne a kan wanda ya kawo su, a sanar da hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP, in kuma ana sai da kodin ko ƙwaya to NDLEA, kodin dai tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi. Masu liƙin nan kuwa ai ba daga sama suka faɗo ba, ƴaƴan unguwa ne da magidantan gari. Ƙanenka ka jawo shi shago bayan makaranta ka ɗora shi kan keke ko da sa maɓalli ne, ka dinga ba shi ɗan na kashewa, kar ka fara da duka.

TAMBAYA

Kawu ni mai shayi ne, teburina na kusa da wani wuri irin wannan a Katsina, gaskiya cinikin dare daga masu fitowa nake samu, ƙwai da indomi duk su ke saye. An kawo min takardar koke in sa hannu, in na sa na kashe kasuwata in na ƙi ace ina tare da su. Ya zan yi?

Mai shayi, Katsina

AMSA

Malam Allah ya sa ma nema albarka. Shayinka halal ne ba wanda zai ce maka komai a kai, kuma tsoronka ba abin raini ba ne, mai iyali ne kawai ya san shi. Ka fara karanta takardar ko a karanta maka, in abin da ke ciki ka gani da idonka to shaida ce, ka sa hannu, in an yi ƙari kace a gyara tukuna. Sannan ka faɗa ma masu koken kai tsaye cewa abincinka zai taɓu, su taya ka neman wurin aje tebur kusa da tasha ko bakin asibiti inda ake kwana ana shige da fice, tun kafin a rufe wurin ba bayan an rufe ba.