Amsa ga mai son sayen motar tsere ta hannu

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka tara kuɗi kana son motar tsere, ka ga wata tsohuwa mai ƙarfin gaske ana sayar da ita da araha, ga kuma wata ƙarama mai ƙarancin ƙarfi a kusan farashi ɗaya, kana son sanin wacce aljihunka zai iya riƙewa. Na riƙe iri biyun, bari in gaya maka abin da na gani.

Motar tsere tana tsufa, farashinta yana faɗuwa, amma kayan gyaranta ba sa tsufa da ita. Idan an sayar da ita sabuwa a kan kuɗin ƙananan motoci biyar, to famfon ruwanta, kulocinta da shakazobarta suna nan a farashin kayan waccan sabuwar, ko da shekararta 15. Wanda ya sayar maka da araha sau da yawa ya hango babban sabis yana tafe ne ya sauke kaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni ya taɓa dukana. Ta farko da na saya mai silinda 8 ce, ƙararta kaɗai ta sa na biya ban kai ta wurin makanike ba. Wata huɗu muna lafiya, sai ruwa ya fara ɗiga. Ƙaramin bututu ne, amma yana can ƙarƙashin inji, sai da aka kwance rabin gaban motar kafin a kai gare shi. Kuɗin aiki ya ninka kuɗin kayan, ta kuma kwana a gareji makonni tana jiran wani abu da ba a samu a kusa ba. A shekarar farko na kashe kusan sulusin abin da na saye ta.

Abin da ya fi cin mutane ba su ankara ba shi ne taya. Robar tayar irin waɗannan motoci taushi gare ta don ta kama kwalta, saboda haka take saurin cinyewa. Da yawansu kuma tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba za ka iya musanya su gaba da baya don su ƙare tare ba, na baya za su riga su tafi. Idan ka je duba mota, karanta lambobi huɗun da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Taya mai zane kamar sabuwa amma ta shekara 7 ta bushe, canji take jira. Birki ma haka: nauyi da gudu su ke cinye shi, man birki kuma ana so a canza shi duk shekara 2. Sai fetur mai babban oktan, wato nau'in da ya fi tsada wanda injuna masu ƙarfi ke buƙata, sai inshora, wadda kamfanoni ke tsawwala wa matashi mai mota mai ƙofa biyu.

Kowace mota tana da ciwonta da aka sani, kuma wajibi ne ka san na wadda kake so kafin ka miƙa kuɗi. Mazda RX-8, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012, injinta mai juyawa ne, ba fistin, kuma da gangan aka ƙera shi yana ƙona ɗan baƙin mai. Wanda bai saba duba baƙin mai ba zai kashe injin. Kada ka saye ta sai an auna matsin injin da na'urar da aka yi domin irinsa. Porsche Boxster da 911 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 suna da wani boris a cikin inji da ake kira IMS. Ba a kowace yake lalacewa ba, amma in ya tafi yana iya tafiya da injin gaba ɗaya, kuma sai an sauke giya ake kai gare shi, shi ya sa masu hankali ke canza shi tare da kuloci. Motoci ne masu daɗin tuƙi ƙwarai, ban ce ka guje su ba. Takardun sabis nake so ka nema, in babu ka wuce.

Yanzu ga inda zuciyata take. Bayan waccan mai silinda 8, na koma ƙaramar mota mara nauyi, kuma wallahi na fi jin daɗin tuƙi. Dubi Mazda MX-5: ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Yawan nan shi ne ribarka, domin kayanta suna ko'ina, makanikai sun san ta. Toyota GT86 da tagwayenta Subaru BRZ sun fito a 2012 da ƙarfin doki kusan 200, aka saka musu siraran tayoyi da gangan don direba ya ji motar tana wasa a kwana ba sai ya yi gudun ganganci ba. A irin wannan kana taka totur har ƙasa, kana sauya giya da hannunka, sitiyari yana gaya maka abin da titi ke ciki. A mai ƙarfin doki 450 kuwa, daƙiƙa kaɗan za ka taka ka wuce iyakar gudun da doka ta yarda, sauran ƙarfin kana biyan kuɗinsa ne kawai ba ka amfani da shi.

Abu ɗaya ba ka faɗa ba: ita ce za ta zama motarka tilo? In haka ne, ka tuna irin waɗannan motoci suna kusa da ƙasa sosai, kowane tudun rage gudu sai ya gogi bamba, ga kujeru biyu da but ɗin da jaka biyu ke cikawa. Da ni ne, ƙaramar zan ɗauka, in ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don taya, birki da sabis na farko, in kuma biya makaniken da ba ruwansa da mai sayarwa ya ɗaga ta sama ya duba. In har babbar ce ta shiga ranka, turo mana samfurinta, shekararta da kilomita nawa ta yi, sai mu gaya maka wuraren da za a fara haskawa da tocila.