Hitar ɗumama ɗaki: a bar ta a kunne har safe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai jego ce, muna zaune a unguwar Birni nan Damagaram, maigida ya sayo mana hita saboda sanyin hunturu, irin mai jan ƙarfe a ciki. To duk sanda na kunna ta sai kan wayar da ake sokawa ya yi zafi rau, ga wani ƙauri-ƙauri, a ralonji muke jona ta tare da tele. Akwai matsala ne? kuma zan iya barinta har safe saboda jariri?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Gaskiya akwai matsala, kuma don Allah yau ɗin nan ki cire ta daga ralonjin nan. Hita ba kamar tele ba ce, yawancinsu wat 1000 zuwa 2000 suke ja, mai 2000 a wutarmu ta bolt 220 kusan ampa 9 kenan, alhali ƙananan ralonjin kasuwa wayar cikinsu siririya ce ba za ta ɗauka ba, sai ta yi ta zafi a hankali har robar ta narke, kuma sau da yawa a ƙarƙashin tabarma ko bayan katifa take inda ba mai gani. Ki soka ta a bango kai tsaye ita kaɗai. In a bangon ma ta yi zafi, ko kika ga bakin ramin ya yi baƙi ko yana lako-lako, a kira mai gyaran wuta ya canza, kar a naɗe da leda ko salatif.

Ƙaurin kuma iri biyu ne. Na ƙurar hunturu da ta kwanta kan ƙarfen yana wucewa bayan 'yan mintoci, maganinsa ki cire wayar, ki bari ta huce sarai, ki goge da busasshen ƙyalle. Amma in warin roba ne, kashe nan take.

Maganar kwana da ita, a'a wallahi ban ba ki shawara ba. Ki ɗumama ɗakin kafin ku kwanta, ki kashe ki zare, ki sa wa yaro hula da safa. A ƙasa za ki ajiye ta kan siminti, tazarar mita 1 aƙalla daga gidan sauro, labule da katifa, gidan sauro fa tafi ɗaya wuta ta cinye shi. Kar a shanya kayan jariri a kanta ko da na minti biyu ne, kar a kai ta inda ake masa wanka.

Ta fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki nesa ba kusa ba, tunda ba ta fidda iskar nan mai kashe mutum cikin barci, sai dai tana shan kuran, awa 5 na mai wat 2000 kilowat-awa 10 ne a konta. In Allah ya kiyaye ta kama da wuta kar ki watsa ruwa, ki fita da yaro, a kashe wutar gidan daga konta, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.