Mun saya musu babura sun sayar, mu sake gwadawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne a unguwar Barmare, cikin Marwa, a Kamaru. Shekara biyu da suka wuce mu iyayen unguwa muka yi karo-karo muka saya wa samari shida babura, su yi acaɓa suna biya kaɗan-kaɗan. Shekara ba ta zagayo ba huɗu suka sayar. Cikin yaran shida, biyu sun nutse cikin shan tiramol, ɗaya kuma ya daina fita daga ɗaki, ko magana ba ya yi da kowa. Yanzu mun sake tara wani abu, amma wasu na cewa yaran nan ba sa jin magana, a kai kuɗin wani aikin. Mu sake gwadawa ko mu haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya saka muku da alheri. Ku sake gwadawa, sai dai wannan karon kada babur ya zo a farko.

Ku tuna a wane zamani yaran nan suka tashi. Wanda yake da shekara 25 a yau bai wuce ɗan 15 ba ranar 22 ga Yulin 2015, lokacin da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da kuma nan Barmare, kwana uku bayan haka wani ya sake tashi a unguwar Pon Ver. Ya ga an taƙaita zirga-zirgar babura, ya ga fataucin hanyar Banki da Amcide, garuruwan kan iyakar Najeriya da Kamaru, ya mutu a hannun mahaifinsa. Yaron da ya girma cikin firgici, yana ganin abin da aka tara yana iya salwanta a dare ɗaya, zuciyarsa takan koyi cewa na hannu shi ne nasa, gobe kuwa ba tabbas. A aikina na zauna da irinsu da yawa, kuma yawancinsu ba ragwaye ba ne.

Shi tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin. A asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Na bakin titi ƙwaya ɗaya takan kai 225. Ɗan acaɓa yana sha don ya jure zafin rana da gajiyar hanya, har jiki ya saba, daga nan kuɗin ƙwaya ya cinye kuɗin biyan babur. To kun ga idan yaro ya riga ya fara, aka miƙa masa makulli, an ƙara masa dalilin sha ne. Kada kuma a kulle shi a ce ya daina yau: yankewa lokaci guda tana kawo ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci, yawan shan kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ma'aikacin lafiya ne zai tsara masa yadda zai rage sannu a hankali.

Akwai wani gwaji da aka yi a Monrobiya, babban birnin Laberiya, wanda ya yi kama da damuwarku. An ɗauki samari 999 na kan titi, masu sata da faɗa da sayar da ƙwaya. Wasu aka ba su dala 200, wato sefa dubu ɗari da 'yan kai. Wasu aka sa su a zaman gyaran tunani na mako takwas, inda waɗanda suka taɓa irin wannan rayuwa suka bari suke koya musu danne fushi, tsara gobe da ajiye kuɗi. Wasu kuma suka samu zaman, sannan kuɗin ya biyo baya. Waɗanda suka karɓi kuɗi zalla, da yawansu sun kafa 'yar sana'a, amma kafin shekara amfanin ya gushe. Waɗanda suka samu zaman da kuɗin duka su ne laifi da tashin hankali suka ragu sosai a wurinsu, kuma da aka koma bayan shekara 10 an tarar bambancin yana nan.

Wannan kuna iya kwatanta shi ba tare da jiran kowa ba. Samarin suna da majalisarsu ta shayi, can za a same su, ba a zauren mai unguwa ba inda kunya za ta rufe musu baki. Ku nemo yayansu guda ɗaya wanda ya taɓa sha ya bari, suna ganin girmansa, ku haɗa shi da ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a, a riƙa zama sau biyu ko uku a mako. Wanda ya riƙe zaman wata biyu, a kai shi wurin ubangida: makanike, tela, baduku, majemi, ko lambun albasa, tunda Marwa ba ta rasa waɗannan ba. Kuɗin ku tafi ga kayan aiki da ɗan abin cin rana, a hannun ubangidan, yaron kuma ya shiga adashe tun makon farko. Af, ban ji kun ambaci 'yan mata ba. A wannan karon a sa su cikin lissafi.

Ƙofofin gwamnati ma ku ƙwanƙwasa. Akwai asusun samar da aikin yi, FNE, tun 1990. Akwai shirin PAJER-U na tallafa wa matasan karkara da birni, da cibiyoyin matasa na CMPJ. An kuma sanar da shirin musamman na matasa na sefa biliyan 102 a Fabrairun 2016. Masu nema sun fi gurbi yawa, saboda haka kada ku jingina duka a kansu. Amma ku fara da yi wa yaran katin ɗan ƙasa, ku yi wa ƙungiyarku rajista, domin ba a sauraron wanda ba shi da takarda.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na cikin ɗaki. Baba, wannan ba taurin kai ba ne. Mutum ya wuce mako biyu cikin baƙin ciki, abinci da barci sun rikice, ya janye daga jama'a, alamun ciwon damuwa ke nan, kuma yana da magani. Mai yiwuwa kunyar bashin babur ce ke cinsa, ganin ku iyayensa ne kuka tara. Wanda ya fi sakewa da shi ya shiga ya zauna, ba faɗa, ba wa'azi, ya ce masa maganar bashi a ajiye ta tukuna. Ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani, takan buɗe masa baki ne. A kwashe maganin ƙwari da ƙwayoyi daga gidan. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti, amma ban da mari, ban da duka. Idan ya amsa da e, ko ya daina cin abinci, kada a kwana: a raka shi Babban Asibitin Marwa, a ce ana neman mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, wani kuma ya zauna tare da shi har a gan shi.