Amsa: yadda kowane ma'aikaci zai ga nasa kaɗai a admin ɗin Django

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka buɗe wa ma'aikatanka admin, wato shafin sarrafa bayanai da ke zuwa tare da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da Python), ka ba su is_staff, alamar da ke ba mutum damar shiga shafin, amma kowa yana ganin bayanan kowa, kai kuma kana so mutum ya ga abin da shi ya shigar kaɗai. Na yi fama da wannan sosai lokacin da na haɗa wa wata makaranta manhajar shigar da sakamakon jarrabawa.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne izinin da Django ke zuwa da shi, wato na ƙarawa da gyarawa da gogewa, da na dubawa da aka ƙaro a siga ta 2.1 a 2018, a kan teburin bayanai gaba ɗaya yake aiki, ba a kan layi ɗaya-ɗaya ba. Duk malamin da ka ba izinin gyara sakamako, ka ba shi sakamakon makarantar kaf. Don haka dole kowane layi ya san mai shi. Ka saka wa teburin filin ForeignKey zuwa settings.AUTH_USER_MODEL, wato filin da zai haɗa kowane layi da asusun mai shi, ni nakan kira shi mai_shi. Sannan a cikin ModelAdmin, inda ake tsara yadda teburin zai fito a admin, ka rubuta wannan don kowa ya ga nasa kaɗai, sai superuser, mai cikakken iko, shi ya ga duka:

def get_queryset(self, request):
    qs = super().get_queryset(request)
    if request.user.is_superuser:
        return qs
    return qs.filter(mai_shi=request.user)

Idan ka ci karo da tsohon darasi mai cewa queryset kawai maimakon get_queryset, na kafin siga ta 1.6 ne, tun 2013 aka canja sunan. Wannan tacewar tana da amfani har ga wanda ya canja lambar da ke cikin adireshin shafi da hannu, domin admin ta nan yake bi kafin ya ɗauko layin, sai ya ce masa babu.

Kada ka bar filin mai_shi a cikin fom, in ba haka ba mutum zai iya zaɓen sunan wani. Ka cire shi, ka cika shi a save_model da request.user, wato wanda ya shiga, amma sai idan change ɗin da ake miƙa wa save_model False ne, wato sabon layi. Na taɓa mance wannan sharaɗin. Ranar da shugaban makarantar ya gyara makin wani ɗalibi, layin ya koma nasa, ya ɓace wa malamin ajin, malamin ya zo yana rantsuwa ya shigar da shi. Gaskiyarsa ce kuwa.

Inda na fi so ka tsaya da kyau shi ne wuraren da get_queryset ba ta kaiwa. A manhajar makarantar, jerin sakamakon yana nan tsaf, amma da malami ya buɗe fom ɗin ƙara sakamako, akwatin zaɓen ɗalibi yana zubo masa sunayen yaran kowane aji. Wata malama ce ta nuna min, abin ya dame ni ƙwarai, don bayanan 'ya'yan mutane amana ne a hannunmu. Maganinsa formfield_for_foreignkey, ka tace queryset ɗin filin a ciki, haka ma formfield_for_manytomany. Matacin gefe na list_filter shi ma yana tona sunaye, sai ka sa masa RelatedOnlyFieldListFilter don ya nuna waɗanda ke cikin bayanan mutumin kaɗai. In kana da inline, wato layukan wani tebur da ake cikawa a cikin fom ɗin babban layi, a save_formset za ka cika mai shi, save_model ba ta taɓa su.

Idan layi ɗaya mutum biyu ko uku za su riƙa dubawa, kamar malamin aji da mataimakinsa, ka duba django-guardian, wani ƙari ne da ke ba da izini a kan layi ɗaya-ɗaya, ko ka ɗaura mallakar a kan rukuni. Amma in waɗanda za su shiga kwastomomi ne ba ma'aikatan gida ba, shawarata kada ka kai su admin ko kaɗan, ka yi musu shafukansu daban. Admin na amintattun cikin gida aka gina shi.

Kafin ka miƙa aikin, ka buɗe asusu biyu waɗanda ba superuser ba, ka shiga da ɗaya, ka nemi bayanan ɗayan ta jeri, ta fom, ta mataci, ta adireshi. In wani wuri ya ƙi, turo admin.py ɗinka mu duba tare.