Amsa: Wane girman bakin busa ya dace da bas turombon?

Ɗan'uwa, ka ce ka baro tenor turombon (kakakin nan na tagulla mai zamiya) inda kake busa da bakin busa na kamfanin Bach mai lamba 6½AL, yanzu ka koma bas turombon, wanda ya fi shi girma da zurfin murya, kana tunanin sayen bakin busa na kamfanin Schilke mai lamba 60 don ƙananan muryoyi su fito da kauri. Ni dai ban ba ka shawarar wannan tsalle ba.

Faɗin ramin 6½AL kusan milimita 25.4 ne, na Schilke 60 kuwa ya kai 29. A takarda bambancin kamar ba komai, amma a leɓe babban abu ne. Bakin da ya yi maka yawa yana shanye iska, saman murya ya yi rauni, sautin ya riƙa sauka ƙasa da daidai, kuma leɓe ya gaji tun kafin a raba atisaye biyu.

Fara da Bach 1½G, mai faɗin milimita 27. Da irinsa George Roberts, shahararren mai busa bas turombon, ya yi suna a ɗakunan ɗaukar sauti na Los Angeles, kuma har yau ana kwatance da sautinsa. Ka zauna a kansa wasu watanni kana dogayen busa kullum, musamman muryoyin da ake danna bawul, wato maɓallin da ke ƙara tsawon bututu, domin yawanci ƙarancin iska ne ke toshe ƙananan muryoyi, ba ƙanƙantar baki ba. In daga baya ka ji ya matse ka, sai ka gwada Bach 1¼G ko Schilke 59.

Ka kula da lambobi: a Bach ƙaramar lamba ce babban baki, a Schilke kuwa akasin haka. Kuma ka tabbata mai kaurin gindi ka saya, wato ɓangaren da ke shiga cikin turombon, don siririn ba zai zauna a bas ba.