Amsa ga ɗan uwanmu mai shirin kai iyali tsibirin Farasan

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar ni na rubuta ta shekara shida da suka wuce. Ka ce za ka taso daga Jidda da maiɗakinka da yara uku da Hajiya mahaifiyarka ku je Farasan a hutun makaranta, kana neman bakin ruwan da ya dace da yara, kuma wani mai kwale-kwale ya ce ka tura masa rabin kuɗi tun yanzu. Kada ka tura. Don girman Allah kada ka tura ko halala ɗaya.

Shekarata tara ke nan a Jizan, Farasan ta zama mana kamar bayan gida, amma zuwana na farko har yau ban huce ba. Ni ma da tsohuwata na je, ta zo Umara daga gida na ce bari ta ga teku. Wani ya tare mu tun muna sauka daga jirgi, bakinsa kamar zuma, ya karɓi riyal 500 a hannuna. Ya ce zai zaga da mu cikin Ƙandal, wani dajin bishiyoyi da ke cikin ruwan teku, ya ajiye mu a wani ɗan tsibiri yara su yi wanka, ya dawo kafin azahar. Ƙarfe tara na safe ya sauke mu. Wurin ba komai sai farin yashi, ko itace ɗaya babu. Ruwan shanmu gora huɗu ne, don ya ce kada mu wahalar da kanmu da kaya. Ya tada inji ya tafi.

Azahar ta yi, shiru. Na ɗaga waya, babu sabis. Ruwa ya ƙare. Mahaifiyata tana da ciwon suga, na ga leɓenta ya bushe, ta daina magana sai salati a hankali. Ni da maiɗakina muka riƙe darduma a kanta muna yi mata inuwa, hannu ya gaji mu sauya. Ana cikin haka 'yata mai shekara biyar ta taka bushiyar ruwa, ƙayoyi suka karye a tafin ƙafarta, tana ihu tana kiran Baba, ni kuma ba ni da abin da zan yi mata. Ɗan uwa, na taɓa shiga wahala a ƙasar nan, amma ban taɓa jin na kasa iyalina kamar ranar ba. Na tsaya a bakin ruwa ina kaɗa farar rigata, ina kuka ba tare da na bari sun gani ba. Wani dattijo masunci ɗan Farasan ne Allah ya kawo, ya ba mu ruwa da dabino, ya zauna da mu bai tafi ba. Allah ya saka masa da Aljanna.

Shi kuwa mutumin sai bayan la'asar ya bayyana, ashe wasu fasinjoji ya je ɗauka. Ma'alesh kawai ya ce, wato a yi haƙuri. Ko kallon tsohuwar bai yi ba. Da muka isa gaɓa ma har ya buɗe baki ya ce in ƙara masa kuɗin mai! Kun san halinmu a nan, ba ma son abin da zai kai mu gaban hukuma ko da mu ke da gaskiya, sai na haɗiye. Na yi nadamar wannan shirun. Jirgin yamma ya riga ya tafi, muka kwana a can ba shiri, daren kuma a asibiti muka fara shi ana cire wa yarinya ƙaya. Na bar shi da Allah.

Ba wai ina hana ka zuwa ba ne. Ka je, wurin yana da kyau ƙwarai, kuma mutanen tsibirin mutanen kirki ne. Babban jirgin da ke tashi daga tashar Jizan kyauta ne, tafiyar kamar awa ɗaya, safe da yamma. Amma sai da tikiti, kuma kowa da igamarsa ko fasfonsa, har yara. Motarka ita ce matsala, gurbin motoci yana cika da wuri a lokacin hutu, ka kama tun da sauran kwanaki, na tafiya da na dawowa tare. Kada ka bar motar a Jizan, da Hajiya ba za ka iya tsayuwar neman abin hawa a zafin ranar can ba. Daga Jidda kuma kusan kilomita 700 ne, ku kwana a Jizan ku huta, kada ka kwaso tsohuwa daga doguwar hanya ka zuba ta a jirgi.

Bakin ruwa, ni Gadir nake kai yarana, ko Faƙwa. Mota tana kai ka, ba ka buƙatar kowa, in ka ga dama ka tattara ka tafi. Ras al-Ƙarn ma akwai kyau. Ka saya wa kowa takalmin roba na shiga ruwa, kada yaro ya taka ƙasa ba takalmi, don ban da bushiyar ruwa akwai kaifin murjani, akwai kuma wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. In tsautsayi ya faru, a tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai yadda mutum zai jure, a wuce asibiti.

Ka ce hutun makaranta, wanne? In na bazara ne ka haƙura, zafi da gumin can ba irin na Jidda ba ne, ya fi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokaci. Wajen Afrilu kuma ake bikin harid, wani kifi mai launi da ke taruwa a gaɓar Hasis sau ɗaya a shekara, jama'a su ruga cikin ruwa kowa ya kama rabonsa. Abin kallo ne, amma cunkoson ba na Hajiya ba ne.

Ita Hajiya ka kai ta masallacin Najdi, wani attajirin lu'ulu'u ne ya gina shi a shekarar 1347 ta Hijira, adon cikinsa zai burge ta. Gidan Rifa'i ma yana nan cikin gari da zanen bangonsa. Tsohuwata da ta warware ƙauyen Ƙassar ta fi so, gidajen dutse da dabino da rijiyoyi, ta ce ya tuna mata da garinsu. Allah ya jiƙanta, shekara biyu bayan nan ta rasu, kuma duk lokacin da na tuna ranar can sai in ji kamar ban nemi gafararta yadda ya kamata ba. Da sassafe in da rabo za ku ga barewa. Tsibirin wurin kariya ne, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa shi a jerinta na wuraren kare halittu a 2021, ka ja wa yara kunne kada su bi su ko su zubar da leda.

In dai dole sai kun shiga Ƙandal, kuma ya cancanci a shiga, kwale-kwale yana ratsa tsakanin bishiyoyi ga tsuntsaye ko'ina, to ka je da ƙafarka ka ga mutumin da jirginsa. Ka ƙirga rigunan ceto da idonka. Kuɗi sai an dawo. Ka faɗa masa tun a gaɓa cewa ba zai sauke ku ya tafi ko'ina ba, inda kuke nan zai zauna. Katan guda na ruwa, lema, maganin Hajiya a jakarka kai ba a mota ba. Ka ajiye 994 a waya, lambar masu tsaron teku ce, kuma ka sanar da wani a gari inda kuka nufa da lokacin dawowarku, don sabis yana ɗaukewa.

Ranar da za ku iso Jizan ka yi min magana, in ina gari zan raka ku tasha. Ka gaida Hajiya.