Tambaya da Amsa: Wa Zai Sayi Motar Daga Hannunka?

Tambaya ta farko, daga wani ɗan kasuwa a Kano: "A 2021 na sayi Range Rover Sport SVR a kan naira miliyan 60. Yanzu dillali ya kawo mini mai saye a miliyan 110. Abokaina sun ce in riƙe, tunda kullum tashi take yi kamar fili. In sayar ko in jira?"

Alhaji, kafin ka saurari abokai, ɗauko kalkuleta. A tsakiyar 2021 dala tana wajen naira 500 a kasuwar canji, ke nan ka biya kimanin dala 120,000. In muka ɗauki dala a naira 1,500, miliyan 110 ɗin nan kimanin dala 73,000 ne kawai. Motar ba ta tashi ba, naira ce ta faɗi, musamman bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023. A zahiri ka yi asarar kusan kashi 40 cikin ɗari, ban da bakin mai, tayoyi da kuɗin makanike. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka tambayi kanka: da wannan miliyan 110, zan iya shigo da irinta mai ƙarancin shekaru kamar yadda na yi a wancan lokaci? Ba za ka iya ba.

Kuma akwai abin da ke jiran taka musamman. A 2022 kamfanin Land Rover ya fitar da sabon samfurin Range Rover Sport, siffar jiki ta canza. Masu sayen irin waɗannan motoci da ido suke saye, suna son a san sabuwa ce tun daga ƙofar wajen ɗaurin aure. Da zarar sabon jiki ya yawaita a titunan Abuja, taka ta koma "tsohon yayi" komai ƙarar injinta. Ga injin lita 5 mai silinda takwas da ba ya wasa da fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ga shok ɗin iska da ke ɗaga motar ya sauke ta, wanda shekaru ke ci. Duk mai saye na gaba zai cire kuɗin waɗannan daga tayinsa. In ba don sha'awa kake riƙe da ita ba, sayar tun tana da lafiya, ka kuma tabbata takardun kwastan sun cika, domin rashinsu kaɗai kan sa mai saye ya zabge miliyoyi ko ya juya baya.

Tambaya ta biyu, daga wani matashi ma'aikaci a Kaduna: "Na ga BMW M5 ta 2008, 'yar Beljiyam, kuɗinta bai kai na Camry mai 'yan shekaru ba. Ba garaɓasa ba ce?"

Ƙanena, ka tambayi abin da ya sa ta yi arha. Wannan M5 ɗin, da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010, tana ɗauke da inji mai silinda goma, ƙarfin doki wajen 500. Mota ce mai daɗin ji, ban musa ba. Ƙararta kaɗai kan sa mutum ya manta da lissafi. Sai dai farashin mota ne ke sauka, farashin kayan gyaranta yana nan inda yake tun ranar da ta fito daga kamfani. Masu ita a Turai da Amurka sun san cewa metal ɗin injinta, wato ƙarfen da ke tallafe da sandar da ke juyawa a cikin inji, kan cinye da wuri, shi ya sa da yawa suke canza shi tun kafin ya yi ƙara. Giyarta mai suna SMG tana da famfo da kuloci masu tsada. Bakin man da take sha 10W-60 ne, ba wanda za ka tsinta a kowace bakin hanya ba. Sannan irin waɗannan injina an tsara su ne don fetur mai inganci sosai, ga zafinmu ga ƙurarmu.

Yanzu ka ƙirga makanikai nawa ne a Kaduna za ka miƙa wa wannan injin hankalinka a kwance. Wannan ƙidayar ita ce ainihin farashin motar ranar da za ka sayar, domin mai saye na gaba shi ma ita zai yi. Camry kuwa ko a ƙauye ta tsaya, akwai mai kwance ta ya ɗaura. Arha ba ta ado, in ji masu magana. In ka nace sai M5, to ta zama mota ta biyu, ka ware aƙalla rabin kuɗinta a gefe don gyara, ka duba lambar shasi a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota, ka ga ko daga gwanjon motocin haɗari irin na Copart ta fito. Da yawa daga cikin masu arhar nan ruwa ne ya ci su ko an daki gabansu, aka yi musu fenti a Legas ko Kwatano.

Tambaya ta uku, daga wata Hajiya a Abuja: "To wai babu motar gudu da ke riƙe darajarta ne?"

Akwai, Hajiya, amma ba su da yawa. Binciken da kamfanin iSeeCars na Amurka ya fitar a 2023 ya nuna Porsche 911 ba ta rasa ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗinta ba a shekara biyar, yayin da Maserati Quattroporte da BMW 7 Series suka rasa sama da kashi 60. Dalili a fili yake: siffar 911 ba ta yi nisa da ta 1964 ba, don haka tsohuwa ba ta jin kunya a gaban sabuwa, kuma masu nemanta sun fi waɗanda ake ƙerawa. G-Wagen ta Mercedes ma tana cin wannan moriyar, akwatin nan nata yana nan tun 1979. Manyan motocin salun kuwa, mai kuɗi sabuwa yake so, mai ƙaramin ƙarfi yana tsoron gyara, sai su rasa mai ɗauka a tsakiya.

Kada labarin gwanjo ya ruɗe ki. Gaskiya ne an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan yuro miliyan 135 a 2022, amma guda biyu rak aka ƙera irinta. Wannan kayan tarihi ne, ba abin zuwa kasuwar Wuse ba.

Sannan lissafin Amurka ba lallai ya yi aiki a nan ba. 911 ƙasa take sosai, ramuka da tudun rage gudu ba sa raga mata, masu nemanta a nan kuma ƙalilan ne, kina iya wata shida ba a taya ba. A kasuwarmu, Land Cruiser da Lexus LX su ne ake sayarwa cikin mako guda. In gudu da alfarma kike so tare, G63, wato samfurin G-Wagen mai gudu, ta fi kusa da buƙatarki. Ki zaɓi baƙa ko fara, ki bar mata fentinta da ƙafafunta na asali, ki adana rasit ɗin kowane sabis a cikin fayil guda, domin shi mai saye zai fara nema kafin ya buɗe bonet.